Yadda Ake Gajarta Ma'aunan Lokaci a Rubutun Turanci

Duk wanda zai gajarta daƙiƙa, minti ko awa a rubutun Turanci, ya kamata ya fara tantance irin takardar da ke gabansa, domin hanyoyin biyu ne, kuma mafi yawan kurakuran da ake gani suna faruwa ne idan aka cakuɗa su a shafi ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta kimiyya, wadda ke bin tsarin ma'aunai na duniya da ake kira SI, wanda aka amince da shi a shekarar 1960. A wannan tsari alamar daƙiƙa ita ce s, ta minti min, ta awa h, ta kwana kuma d. Waɗannan alamomi ne irin na lissafi, saboda haka ba a sa musu ɗigo sai idan a kansu jimla ta ƙare, ba a kuma ƙara musu harafin s don nuna jam'i. Ɗalibin da ya tafasa ruwa tsawon minti goma sha biyar a ɗakin gwaje-gwaje zai rubuta 15 min, ya bar fili tsakanin lamba da alama, ya guji 15mins da makamantansa.

Inda nake ganin ya fi dacewa a yi takatsantsan shi ne girman baƙi, domin canza shi yana canza ma'ana baki ɗaya. Babban S alamar siemens ce, babban H kuma ta henry, duka biyun ma'aunai ne na fannin lantarki da ba su da alaƙa da lokaci. Ƙaramin m shi kaɗai mita yake nufi, don haka wanda ya rubuta 5 m yana nufin minti biyar, tsawon mita biyar ya rubuta. Haka nan ms kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa, alhali Ms daƙiƙa miliyan ce, wato sama da kwana goma sha ɗaya da rabi. Gudun mota kuwa km/h ake rubuta shi, wato kilomita a awa, da ƙaramin h.

Hanya ta biyu ita ce ta yau da kullum, irin ta jadawalin aiki, sanarwa da littattafan girke-girke, inda ake amfani da sec (daƙiƙa), min (minti), hr (awa), wk (mako), mo (wata) da yr (shekara). A nan marubutan Amurka sukan sa ɗigo a ƙarshe, na Ingila kuwa galibi sukan bar shi, kuma kowanne ya halatta muddin aka tsaya a kan guda ɗaya har ƙarshen takarda. A cikin wasiƙar ofis ko maƙala, rubuta kalmar a cike ya fi kyau.

Game da ƙarfen agogo, a.m. da p.m. daga Latin suka fito, suna nufin kafin rana ta kai tsaka da kuma bayanta. Wanda ya rubuta 9 a.m. ba ya buƙatar ƙara in the morning, wanda kuma ya rubuta 14:30 ba ya buƙatar p.m. Ƙarfe goma sha biyu shi ne ke rikita mutane, musamman a takardar gayyata ko wa'adin miƙa takardun neman aiki, don haka a rubuta 12 noon idan na rana ne, ko 12 midnight idan na dare ne.