Yadda ake auna damar yaro ta samun jami'a a Amurka: maki, jarrabawa da nauyin darussa

Ranar da 'yata ta miƙo min takardar sakamakonta ta aji 11, ajin kusa da na ƙarshe a sakandaren Amurka, idona bai tsaya ko'ina ba sai a kan B guda biyu, ɗaya a lissafi, ɗaya a kemistiri. Ƙawarta kuwa A ce daga sama har ƙasa. Na kwana ina saƙe-saƙe, na ɗauka yarinyar ta fita daga sahu. Sai da na zauna da malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ta ɗora yatsa a kan haruffa biyu da ke gefen kowace B, wato AP, alamar darasi mai tsauri irin na matakin jami'a da ake koyarwa tun a sakandare, sannan hankalina ya kwanta. Tun daga ranar nake cewa iyaye su fara da sunan darasin kafin su kalli makin.

Dalilin shi ne, GPA, wato matsakaicin makin darussan yaro gaba ɗaya, lamba ce mai saurin ruɗi. Asalinta a kan 4.0 ake lissafa ta, A maki 4, B maki 3, haka har ƙasa. Amma makarantu da yawa suna ƙara nauyi ga darussa masu tsauri, A a darasin AP ta zama 5.0. Shi ya sa za ku ji wani yana alfahari ɗansa na da 4.3, wani kuma 3.9, alhali mai 3.9 ɗin makarantarsa ce ba ta ƙara komai. Jami'o'i sun san wannan sarai, har wasu sukan sake lissafin da kansu. Jami'ar Kalifoniya darussan aji 10 da 11 take ɗauka, ta kuma ƙayyade ƙarin makin da take bayarwa ga zangon karatu takwas. Mafi ƙarancin abin da take karɓa 3.0 ne ga 'yan jihar, 3.4 ga na waje.

To ku ɗauki takardar, ku ja layi a ƙarƙashin Ingilishi, lissafi, kimiyya, tarihi da harshen waje. Waɗannan su ne ƙashin bayan lamarin. Ku duba ko darussan suna ƙara tsauri daga aji 9 zuwa 12, ku duba ko makin hawa yake yi ko sauka. Yaron da ya yi tuntuɓe a aji 9 ya miƙe a aji 11 ya fi wanda ya fara da ƙarfi ya ƙare da sanyin jiki.

Akwai wata takarda da yawancin iyaye ba su taɓa gani ba, kuma tare da sakamakon yaro ake aika ta. Bayanin makarantar ce kanta: darussan AP ko IB (wani tsarin darussa masu tsauri na ƙasa da ƙasa) nawa take koyarwa, yadda take ba da maki, wani lokacin har da yadda makin ɗalibanta ya rarrabu. Ku nemi kwafinta. Da ita ake auna tsauri. Makarantar da ke da AP huɗu, yaro ya ɗauki uku, ya yi ƙoƙari. Wadda ke da ashirin ya ɗauki ɗaya, za a lura. Ba a hukunta yaro don abin da makarantarsa ba ta da shi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, A a darasi mai sauƙi ko B a mai tsauri? Ni dai ina bayan B ɗin, muddin ta tsaya a B. Idan C ta fara leƙowa, kayan sun fi ƙarfin mai ɗauka, a rage. Kuma a zuba tsaurin inda yaron ya nufa: mai son injiniyanci da ya kauce wa lissafin kalkulas, A goma a wasu darussa ba za su rufe wannan ramin ba.

Sai jarrabawar neman shiga jami'a, wato SAT ko ACT. SAT daga 400 zuwa 1600 take, ACT daga 1 zuwa 36. A 2020, lokacin korona, jami'o'i da dama suka ce wanda ya ga dama ya turo makinsa. Yanzu wasu sun juyo: MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth, Brown da Harvard suka sanar da nasu a 2024. Jami'ar Kalifoniya kuwa ko kun tura ba ta duba shi wajen zaɓen ɗalibai. Saboda haka dokar bara ba hujja ba ce, ku buɗe shafin kowace jami'a a shekarar da za a nema.

Inda aka ba da zaɓi, a tura ko a riƙe? A nan Common Data Set ke aiki. Takarda ce da yawancin jami'o'i ke wallafawa duk shekara, ku rubuta sunan jami'ar tare da wannan suna a intanet za ta fito. Sashe na C9 yana nuna zangon makin jarrabawar da rabin tsakiya na ɗaliban da suka shiga kuma suka tura makinsu suka faɗa a cikinsa. A ce zangon 1350 zuwa 1500 ne: mai 1480 ya tura ba tare da shawara ba, mai 1250 ya riƙe abinsa. Mai 1340 shi ne abin tunani, kuma idan ya fi kusan kowa a makarantarsa, ni zan tura. Dartmouth ta ce abin da ya sa ta dawo da jarrabawar har da ganin 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye makin da da ya taimake su. Sashe na C7 kuma jami'ar ce da bakinta take faɗin abin da ta ɗauka da muhimmanci, tsaurin darussa ne, GPA ne, ko jarrabawa. Gani ya kori ji.

Kada dai a ɗauka 1550 za ta wanke shekara uku na wasa. Maki mai yawa a gefen GPA mara ƙarfi yakan nuna yaro mai kai amma marar juriya.

Da waɗannan lambobin muka kasa jerin jami'o'in 'yata gida uku: waɗanda ta fi zangonsu, waɗanda take tsakiyarsa, da waɗanda sai an yi sa'a. Duk jami'ar da ke ɗaukar ƙasa da kashi 10 cikin 100 mun jefa ta gida na uku komai kyan maki, domin a can masu A zalla ma ana mayar da su da yawa. Akwai kuma inda matsayi a aji ke yanke hukunci, kamar Texas, da dokar 1997 ta ba 'yan kashi 10 na saman aji gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar, ko da yake reshen Jami'ar Texas da ke Austin ya matse nasa kason.

Da ta shiga aji 12 ta so ta ajiye fiziks ta huta. Na hana, domin jerin darussan shekarar ƙarshe yana cikin takardar nema, ana aika makin tsakiyar shekara, kuma jami'a na iya janye gurbin da ta bayar idan sakamakon ƙarshe ya rushe. Ta yi fushi da ni kwana biyu, ta ci gaba da shiga ajin.