Kurakuran da ke cinye kuɗin matafiyi a gidan abinci, da waɗanda ke biyo shi har kicin

Kusan duk wanda ya dawo daga tafiyarsa ta farko zuwa ƙasar waje yana da labarin gidan abinci a bakinsa, kuma ƙarshen labarin ɗaya ne: "Wallahi cutata suka yi." Na gaji da jin wannan magana. In ka bi diddigi, sau da yawa ba wanda ya cuce shi. Komai na rubuce a takardar abincin, bai karanta ba, ko ya karanta bai gane ba, kunya kuma ta hana shi tambaya don kada a ce baƙauye ne.

Zan fara da wanda ya fi ƙona min rai, don ni ma ya ci kuɗina: farashin awo. A Italiya, gidajen abincin bakin teku sukan sayar da kifi bisa nauyinsa. Za ka ga an sa, misali, yuro 8 a gaban sunan kifin, sai wani ɗan rubutu a gefe, "all'etto" ko "hg". Wannan takwas ɗin kuɗin giram 100 ne kacal. Kifi guda da za a gasa wa mutum biyu kan kai kilo ɗaya ko ya wuce, kuma ɗanyensa ake aunawa, da kai da ƙaya da komai. Ni da ƙanwata muka zauna a irin wannan wuri, na ga takwas na ce yau mun tsinci dami a kala, har na ce wa mai sabis ya zaɓo mana babba. Ya kawo shi ɗanye a faranti ya nuna mana, ina ta gyaɗa kai ina murmushi. Ashe wannan nunawar ita ce damar da ake ba ka ta tambayar nauyi. Da aka kawo lissafi, kifin kaɗai ya doshi yuro ɗari. Ƙanwata ta duba takardar ta dube ni ta ce, "Yaya, ko dai har da kwale-kwalen aka haɗo mana?"

Abin haushin shi ne mutumin bai ɓoye komai ba. Kalma biyu, "nawa ne", da sun wadatar. Amma sai ka ga mutum da zai iya kwashe rabin awa yana ciniki a kan takalmi, da zarar an shimfiɗa masa farin ƙyalle a tebur an jera cokula sai bakinsa ya mutu. Ina dalili? Kuɗinka ne fa, kuma mai sabis ɗin nan gobe ba zai tuna fuskarka ba. Yanzu ƙa'idata ita ce, kifi ko nama mai awo ba ya hawa wuta sai an gaya min nauyinsa da jimillar kuɗinsa, in ya yi yawa in ce a kawo ƙarami. Haka ake sayar da kifi da kilo a Girka, haka gasasshen naman nan na Florence mai kauri. Duk kuma inda aka bar gurbin farashi babu lamba, aka ce farashin kasuwa ne na ranar, to kar ka yarda a tafi kicin ba ka ji lambar da kunnenka ba. Wasu abokan tafiyata na ganin hakan zubar da aji ne. Su suka sani.

Akwai ƙananan kuɗaɗe da ke ɗaure wa baƙo kai ba tare da an zalunce shi ba. A Italiya ana cajin "coperto" a kan kowane mutum, yuro ɗaya zuwa uku a mafi yawan wurare, kuɗin zama da burodi. A Fotugal za a dire maka burodi da zaitun da cuku ba ka nema ba: in ka ci ka biya, in ba ka so ka ce a ɗauke. A Turkiyya tiren ƙananan farantai da ake zagayowa da shi ba kyauta ba ne. A Faransa kuwa ruwan famfo a ɗan tulun gilashi kyauta ne, amma in ka ce "ruwa" kawai ka yi shiru, na kwalba za a iya buɗe maka.

Sai tukuici, inda mutane ke kuskure ta fuska biyu. A Amurka barin tebur babu tukuici ba tsimi ba ne, tauye haƙƙi ne. Dokar tarayyarsu ta yarda a biya ma'aikacin da ke karɓar tukuici dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Wasu jihohi kamar Kalifoniya sun hana wannan ragin, amma al'adar tana nan ko'ina: kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin. Ga kuma harajin saye da ba ya cikin farashin da ka gani, sai a lissafi yake bayyana. In aljihunka ba zai ɗauki wannan ƙarin ba, nemi wurin da ake saye a tsaye. Akasin haka, wanda ya koyi ɗabi'ar Amurka sai ya riƙa rabon kuɗi ko'ina. A Faransa kuɗin hidima na cikin farashi. A Landan sau da yawa an riga an ƙara kashi 12.5 a ƙasan takardar, ka duba kafin ka biya sau biyu. A Japan ba a ba da tukuici, in ka bar kuɗi a tebur ana iya biyo ka da su a zaton mantawa ka yi.

In na'urar kati ta tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake ciki, in ka zaɓi na ƙasarku canjinsa ya fi tsada. A Faransa da Italiya kicin da yawa na rufewa bayan abincin rana har zuwa wajen bakwai na yamma, a Sifaniya kuwa ba a fara abincin dare sosai sai wajen tara.

Wanda ba ya cin alade ko abin da aka sa wa giya, kuskurensa shi ne dogaro da ido. Taliyar carbonara da kumatun alade ake yin ta. Romon taliyar Japan, ramen, mai suna tonkotsu daga ƙashin alade yake, ko da ba ka ga yanka ko ɗaya a kwanon ba. A Meziko sau da yawa da kitsen alade ake soya dakakken wake. Shinkafar risotto akan zuba mata farar giya tun farkon girki. Maganar "ai wuta na ƙone giyar" ma ba haka take gaba ɗaya ba: alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana tafasa kusan kashi 40 na nan, sai an yi awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. Hukuncin wannan na malamai ne, nawa dai in ce ka san abin da ke farantinka. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikinsu. Ni a waya nake ajiye tambayar a rubuce da harshen ƙasar, in miƙa wa mai sabis ya karanta da kansa.

To an dawo gida, sai kwaɗayin abin da aka ci a can ya motsa. Nan ne wani kuskuren da nake yi wa kowa faɗa a kansa: cika kasko. Na taɓa gayyatar baƙi don in yi musu soyayyen nama da kayan lambu irin na gidajen abincin 'yan China. Na wanke nama kusan kilo guda, yana ɗigar ruwa na juye shi duka a kaskon da bai gama zafi ba. Ko ƙarar suya ban ji ba. Ruwa ya fito ya rufe shi, ya koma toka-toka, na yi ta jira ya tsotse, kafin nan ya yi tauri kamar ƙirgi. Baƙin suka ci suna yabawa don kara.

Mutane in haka ta faru sai su ɗora laifi a kan kayan haɗi, su je su kashe kuɗi a kan miya ta kwalba da kayan ƙamshi na waje. Ba nan matsalar take ba. Launin nan na ja-ja da ƙamshin suya ba sa samuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 na Celsius, ruwa kuwa a 100 yake tsayawa. Muddin akwai ruwa kwance a kaskon, dafawa kake yi ba suya ba. Murhun gidan abinci ya ninka na gida ƙarfi sau da yawa, shi ya sa kukunsu ke zuba abu da yawa ya tsira, kai ba za ka tsira ba. Ka tsane naman da tsumma mai tsabta har ya bushe. Ka bar kasko ya yi zafi sosai kafin mai ya shiga. Ka soya kaɗan-kaɗan, yanka bai taɓa yanka ba, ka kwashe ka sa wani. Sannan don Allah ka cire hannunka! Wannan juye-juyen na kowane daƙiƙa shi ke hana shi yin launi. Ni kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi nake amfani da shi don yana riƙe zafi. Kaskon nan da abinci ba ya kamawa a jikinsa na bar wa ƙwai.

In girkinka ya yi lami alhali ka bi komai, yawanci gishiri ne bai kai ba, ko ɗan tsami. Gidajen abinci ba sa rowar gishiri da bota. Ka riƙa ɗanɗanawa tun ana kan wuta, a ƙarshe ka matsa lemun tsami kaɗan.

Ruwan dafa taliya na son gishiri, wajen giram 10 a kowace lita. Kar ka sa masa mai, kar ka ɗauraye ta bayan tacewa, ka kuma ɗebi kofi ɗaya na ruwan ka ajiye, sitacin da ke ciki shi ke sa miya ta kama jikinta. Tafarnuwa bayan albasa take shiga, don kafin ka juya baya ta ƙone ta yi ɗaci. Bakin soda da bakin hoda ba abu ɗaya ba ne. In bayanin girkin daga Amurka ya fito, kofinsu wajen mililita 240 ne, 350 ɗin da suke rubutawa kuma Fahrenheit ne, wato wajen 175 zuwa 180 a obin mai Celsius. Fulawa a sikeli nake auna ta, kofi ƙarya yake yi. Kaza ta dahu in tsakiyarta ta kai digiri 74 na Celsius.

Soyayyiyar shinkafa kuwa da wadda ta kwana a firji ake yi, mai zafi caɓewa take. Sai dai kwanan a firji ne, ba a kan murhu ba. Akwai ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da dahuwa ba ta gamawa da ita; in shinkafa ta daɗe a ɗumi tana sakin gubar da sake ɗumamawa ba ya kashewa. Ka baza ta a faffaɗan tire ta huce da wuri, cikin awa ɗaya ta shiga firji, washegari ka soya ta a kasko mai zafi, ita ma kaɗan-kaɗan.