Zaman damina a kwale-kwale: kurakuran da sababbin shiga ruwa suka fi yi a fadamar Haɗejiya

Da zarar marka ta kama a watan Agusta, Kogin Haɗejiya ya fara tumbatsa, sai tuddan da ke yankin Kirikasamma da Guri su koma tsibirai. Hanyar da ake bi da babur a rani ta zama ta jirgi. A lokacin ne samari kan haɗa kai su biyu ko uku, su ɗora kalli (ragar kamun kifi) da mali (tarkon kifi) da buhun gari a kwale-kwale, su shiga fadama, ba a sake ganinsu a gari sai bayan makonni. Kwana a jirgi, wuni a jirgi, daga wannan tudu zuwa wancan. Wanda ya gaji sana'ar su a gidansu ya san kan abin. Amma yanzu da yawa tsadar rayuwa ce ta tura su ruwa, kuma yawancin wahalar da suke sha tun daga bakin gaɓa suke ɗaukarta, kafin ma su tura jirgi.

A fara da jirgin kansa. Kwale-kwalen katako da ya yi rani a kife cikin rana ya bushe, katakansa sun motse, tsakaninsu ya buɗe. Sabon shiga yakan duba shi da ido, ya ga babu rami, ya ce lafiya lau. Ba haka ake yi ba. A tura shi cikin ruwa marar zurfi, a bar shi ya sha na 'yan kwanaki har katakon ya kumbura, sannan a jawo shi, a kwarfe ruwan, a zauna a zuba ido a ga inda yake tsattsafowa. Nan ne ake cusa tsumma da bakin wuƙa, a bi shi da kwalta mai zafi, in wurin ya yi faɗi a buga langa-langa a kai. Ka kalli tsohon masunci yana wannan aiki: yana bin kowane layi da ɗan yatsa, yana ƙwanƙwasa katako yana sauraron ƙararsa, inda ya ji ta yi taushi ya tsaya ya soka ƙusa ya gani ko ruɓa ce. Yakan ɓata yini guda a kan abin da yaro zai so ya gama kafin azahar. Kuma kwanon kwarfa a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi, don ranar da ake buƙatarsa ita ce ranar da yake bin ruwa.

Sai lodi, wanda shi ne babban mai kisa. Mutanen Kano ba su manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa laifin. Allah ya jiƙansu. Mai tafiyar makonni yana da nasa uzurin: gari, mai, itace, taru, tabarma, jarkar ruwa, kowanne in ka tambaya dole ne. Sau da yawa za ka ji a mashigi dattijo ya ce, "Ɗan nan, sauke buhu ɗaya," yaro ya ce, "Baba, ai ruwan a kwance yake." A kwance yake a bakin gaɓa. A tsakiyar fili, inda iska ke da wurin gudu, magana ta canja. A ganina, in an gama lodi kowa ya zauna, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai taƙi guda ba, to a sauke kaya. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa, a tsakiya, kada a tula shi sama. A kuma tuna cewa da kifi za a dawo, kuma jiƙaƙƙen taru ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wata sabuwar dabara da waya ta kawo. Yara na ganin bidiyon Turawa da ke kwashe watannin hutu a jirgin da iska ke turawa, suna yawo tsakanin tsibiran teku, sai wani ya kafa gora a tsakiyar kwale-kwale ya ɗaura tamfol. Abin da bidiyon ba ya nunawa yana ƙarƙashin ruwa: waɗancan jirage suna da wani dogon ƙashi mai nauyi a gindinsu, na ƙarfe ko darma, shi ke riƙe su idan iska ta kwantar da su gefe. Namu gindinsa shafe yake. Iska ta biyo bayanka a hankali, tamfol zai tura ka ka ji daɗi, amma ta bugo daga gefe sau ɗaya, kifewa ce. Wanda ya nace sai ya yi, to ƙyallen ya zama ƙarami, ƙasa-ƙasa, igiyarsa a hannu ba a ɗaure ba, yadda za a sake ta nan take.

Hadari kuwa, a ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa, kuma iska ke riga ruwa isowa. Kuskuren shi ne mutum ya ga gabas ta yi baƙi ya ce bari ya ƙarasa ɗaga kalli ɗaya. Daga lokacin da iska mai sanyi ta taɓa fuskarka, abin da ya rage maka kaɗan ne. A bar kallin, yana nan. A nemi tudu mafi kusa, a zagaya ta yammacinsa inda tudun zai tare iska. In ta riske ku a fili, kowa ya zauna a ƙasan jirgi, a juya goshinsa ya fuskanci igiyar ruwa, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwarfa. Kada wanda ya miƙe tsaye. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, kuma ko ba doka, kututturen da ruwa ya rufe ba ya ganuwa da tocila.

Inda ake kwana ma akwai magana. Sabon shiga yakan ɗaure jirgi tamau da gajeriyar igiya a gindin bishiya, ya kwanta. Ya manta cewa ruwan nan ba na saman kansa kaɗai ba ne. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya, a kansu kuma akwai dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, da na Challawa da ke Ƙaraye, na 1992. In suka cika suka yi amai, ko aka yi ruwa mai yawa can wajen Kano, kwanaki kaɗan bayan nan ruwa zai hau a nan alhali sama tana tas. Gajeriyar igiya sai ta ja goshin jirgi ƙasa ya ɗebi ruwa. In kuma ruwa ya janye, ka wayi gari jirgi a kan taɓo. A saki igiya da tsawo, a ɗaure gaba da baya, a kafa kara a bakin ruwa da yamma, da asuba a duba ko ya hau ko ya sauka. Gindin bishiyar nan ma ba wurin kwana ba ne: duk macijin da ambaliya ta kora can ya tare, ga kuma tsawa.

Kacala, doguwar ciyawar ruwa, ita ce mai ɓatar da mutane. Ta cinye hanyoyin ruwa da yawa a wannan yanki, tsawonta ya wuce mutum a tsaye, kuma hanyar da aka bi bara ba lalle ta kasance a buɗe bana ba. In ka shiga cikinta ko'ina iri ɗaya ne. A riƙa ƙulla ganyenta ko a ɗaura tsumma a kowace mararraba. Mai inji kuma ya san tana naɗe farfela, don haka filafili da sandar tuƙi ba a barinsu a gida wai don an sayi inji. Man fetur ya zauna can ƙarshen jirgi, girki kuma a kan tudu.

Rigar ruwa mai hana nutsewa mutane kan ce tsada, ko su ce sun iya iyo. Gwanin iyo ma yana gajiya, balle in taru ya naɗe masa ƙafa. In babu halin saye, jarka mai lita 20, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta gam, tana iya riƙe kan babban mutum a sama. Kowa ya sami tasa da igiya a hannunta. Dogon takalmin roba da manyan kaya a cire su kafin a shiga zurfi. In jirgi ya kife, a riƙe shi, domin na katako ba kasafai yake nutsewa gaba ɗaya ba, kuma an fi hango shi daga nesa. In ɗan'uwanka ne ya faɗa, kada ka bi shi da jiki. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, to kai ma haka zai kama ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda, ko jefa masa jarka.

Wani kuskuren ba na ruwa ba ne, na ladabi ne. Kowane tafki da kowane mashigi yana da masu shi. Ka isa wuri, ka je ka gai da bulama ko mai gari, ka nemi sarkin ruwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, mun zo neman abinci, ina aka yarda mu sa kaya?" Wannan gaisuwa kan sa a gaya maka inda gonar shinkafa take ƙarƙashin ruwa, da inda aka hana su, da hanyar da ta toshe. Baturiya kuwa wuri ne da gwamnati ta keɓe, ba a shiga kai tsaye. A gida ma a bar bayani: ga inda muka nufa, ga ranar kasuwar da za mu fito. Waya a ƙulle ta a leda, amma kada a dogara da ita, don sabis a fadama sai an dace.

Cikin mutum shi ne ya fi saurin maido da masu tafiya gida. Ruwan fadama ana jefa masa alimun ya kwanta ya yi fari, a ɗauka ya tsarkaka. Alimun laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai an tafasa. In gudawa ta kama wani, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta tafasasshen ruwa, yana sha ana neman hanyar asibiti. Gidan sauro kuma na kwana ne, abin haushi ne ka ga an mai da shi taru ana kwashe 'ya'yan kifi da shi, mai shi kuma yana rawar sanyi da zazzaɓi.

Kifin da aka kama, tarwaɗa ne ko karfasa, a kyafe shi ranar, ya bushe har ciki. Banda da aka yi rabi-rabi a damina kwana kaɗan take yi ta yi tsutsa, daga nan ne wasu ke yayyafa mata fiya-fiya, wanda guba ne ga duk wanda zai ci. Gyaransa shi ne a sake maida kifin kan wuta duk bayan 'yan kwanaki, a kuma riƙa fitar da shi kasuwa kaɗan-kaɗan maimakon a tara.

Bayan an dawo, duk wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa kada ya ce zafi ne ko gajiya. Tsargiya ce mai yiwuwa, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke da ƙananan katantanwa, kuma in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara. Maganinta ƙwaya ce, praziquantel, ana ba da ita gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, don haka a je asibiti a gwada, kada a saya a sha da ka.