Yadda ake hawa Mambila a je gonakin shayin Kakara

Fara da zaɓen lokaci. Daminar tudun Mambila, da ke jihar Taraba, doguwa ce, ruwa kan sauka tun wajen Afrilu har Oktoba, hanyoyin ƙauye su yi santsi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tafiya ta fi daɗi, sai dai sanyin dare ba ya wasa, don tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Ka cusa rigar sanyi da safa a jaka ko da zufa kake yi a gida.

Ka kwana a Jalingo, ka yi sammako zuwa tasha ka shiga motar Gembu. Tafiyar wuni ce, ta Bali zuwa Serti. A Serti ka ci abinci, ka yi salla, ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin a can sama ba ko'ina sabis ke kamawa ba. Hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti ma a nan take, amma wannan tafiya ce mai zaman kanta, kada ka haɗa taura biyu a baki.

Mayo Selbe ne gindin dutse, kuma nan ne wurin natsuwa. In direba ya tsaya duba birki da ruwan lagireto, kar ka yi masa ƙorafi. In kuwa la'asar ta yi sakaliya, shawarata ku kwana a ƙasa. Hanyar kwana-kwana ce, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, hazo kuma kan rufe gaba ba sallama. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, inda za ka ji fasinjoji sun bar hira sun koma salati. Kunnenka zai toshe. Haɗiye yawu, zai buɗe.

Da kun haye sai ƙasa ta shimfiɗe: tuddai, garken shanu, layin bishiyoyin turare. Ku wuce Maisamari da Nguroje, ka sauka a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Hausa za ta fisshe ka, amma ko gaisuwar Fulatanci ka iya, za ka ga bambanci.

Washegari da sassafe ka ɗauki ɗan acaba zuwa Kakara, inda ake yin shayin Highland Tea. Da safe ne za ka tarar da masu tsinka, kwando a baya, suna cire ganye biyu da tohon da ke tsakaninsu. Ka gaishe su kafin ka ɗaga waya, ka kuma nemi izini a ofis in kana son ganin yadda ake shanya ganyen, a niƙa, a bar shi ya yi duhu, sannan a busar.

Tsaraba: shayi, fiya da ayaba. Fiyar ka zaɓi mai tauri, nunanna ba ta isa Jalingo lafiya.