Kurakuran da Ke Hana Sabuwar Humra Tsumuwa

Uwar da ke shirin aurar da 'ya a Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, takan aika Kuseri da ke bakin iyakar Cadi, ko a haye gadar Ngeli a shiga kasuwannin Injamena, a sayo mata kayan humra da sefa mai yawa. A haɗa, bayan kwana uku a buɗe kwalba a sunsuna, sai a yamutsa fuska a ce mai kaya ya yi ha'inci. Galibi babu wanda ya cuci kowa. Humrar ce ɗanya, kuma yadda aka riƙe ta a makonnin farko shi ke raba wadda za ta yi shekaru tana ƙara daɗi da wadda za ta mutu kafin a kai amarya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke mata hukunci a bakin kwalba. Sabuwar humra tana da kaifi. Kanumfari ne ke fara dukan hanci, sai alkol ɗin turarukan ruwa da aka zuba, irin su Rêve d'Or na kamfanin L.T. Piver na Faransa, wanda tun 1889 yake kasuwa kuma har yau matan Cadi da Sudan ba su rabu da shi ba. Wannan kaifin mai wucewa ne, ba ya gaya miki komai. Ki ɗiga kaɗan a ƙyallen auduga mai tsabta, ki rataye shi a ɗaki, ki sunsuna washegari da safe. In kika tarar da sandal da ɗan hayaƙi da nauyin farce, wato marufin dodon koɗin teku da ake dakawa a ciki, sun zauna, kina da humrar ajiya. In ba abin da ya rage sai ɗan zaƙi sama-sama, ki yi amfani da abarki yanzu, jira ba zai ƙara mata abin da ba a zuba ba.

Nan ne mutane da yawa ke tafka asara, don sun ɗauka kowace humra tana son daɗewa. Abin da ke jure shekaru shi ne itace da saiwa. Sandal na ainihi, irin na yankin Maisur a jihar Karnataka ta Indiya, mansa yana cikin zuciyar itacen ne, kuma bishiyar kan haura shekara 15 kafin ta tara man kirki. Man yana da nauyi, ba ya saurin tashi, yana ƙara laushi ne da zama. Haka oud, haka saiwar jema da kajiji. Madarar turare mai ƙamshin lemo ko fure kuwa akasin haka take: iska na taɓa ta take fara sauyawa, ta yi tsami, wani lokaci har ta sa ƙaiƙayi a wuya da hammata. Shi ya sa farar humra, wadda aka gina kan miski da madarar turare mai sauƙi, ta shekara ɗaya ce a wurina. Baƙar humra mai yawan itace ita ake ɓoyewa. Amma sai ki ga Hajiya ta kulle farar a akwati wai sai bikin auta, auta kuwa tana firamare.

Sai dai sandal ɗin ma ya zama sandal. Akwai farin itace da ake jiƙawa da turare a sayar da sunansa. Ki sa a fasa miki guntu tun a rumfa, ki kankare cikinsa, ko ki ɗora ɗan ɓarɓashi kan garwashi. Na jabu ƙamshinsa a fata yake, ciki itacen girki ne.

Farce yana buƙatar haƙuri fiye da duk sauran kayan. Marufin wani dodon koɗi ne na teku, ana kawo shi daga wajen Bahar Maliya, kuma yakan zo da ragowar nama a manne. Dole a jiƙa, a kankare, a wanke, a shanya har ya bushe ƙayau, sannan a soya har ya yi ƙaras yana dakuwa. Wadda ta yi ƙiwar kankarewa takan ce ai ƙarnin zai ɓace in humra ta kwana biyu. Ba ya ɓacewa, ƙaruwa yake, kuma yana fitowa ne daidai lokacin da jiki ya yi gumi. Wadda ta wuce gona da iri a suya kuma ƙauri za ta samu. In kin gane matsalar a makon farko, ki tace ki fitar da garin duka, ki zuba sabon garin sandal. Wata tana dawowa, wata ba ta dawowa. Mahalab shi ma yana da tarko: ƙwaya ce mai maiƙo, in an daka ta aka ajiye sai man ya lalace ya yi warin tsohon mai. Ki saye shi ƙwaya, ki daka ranar haɗi.

Ruwa maƙiyi ne. Kwalbar da ba ta gama bushewa ba, ko garin da ya sha laimar watan Agusta a bakin Binuwai, ya isa ya sa humra ta gurɓace ta yi funfuna.

Maganar mazubi kuwa, gorar ruwa ta roba ba wurin humra ba ce. Madarar turare tana cin roba a hankali, warin robar ya shiga ciki, alkol kuma ya sulale. Kwalbar gilashi mai duhu da murfi mai kamawa ake nema, a cika ta har wuya don iska ta rasa wurin zama. Sannan zafi. A watan Afrilu zafin Injamena da Marwa yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Wasu ma da gangan suke kai kwalba rana wai don ta yi saurin nuna. Launin zai yi duhu kam, har ki zaci ta shekara, amma ƙamshin saman ya ƙone, na ƙasan bai haɗu ba: sauri ya haifi nawa ke nan. Ki sa ta ƙasan sif a ɗakin da rana ba ta duka, ko cikin busasshiyar tukunyar ƙasa a lungu. Firiji ba na ba da shawararsa, don da ɗaukewar wuta da dawowarta kwalba tana gumi, kuma nono da man shanun gidan duk za su koma humra.

Akwai kuma masu buɗewa kullum, kowace baƙuwa ta zo a ce zo ki ji. Duk buɗewa iska ce sabuwa, duk yatsan da ya shiga datti ne. Girgizawa take so, a rufe, duk bayan kwana biyu ko uku a watan farko, don garin da ya kwanta ya saki abin da ke cikinsa. Ta shafawar yau da gobe a ɗiba a ƙaramar kwalba, babbar a bar ta ta huta.

Rashin haƙuri na haifar da wani kuskuren: ƙari. An ji kaifi a mako na biyu, sai a antaya wani turaren don a gyara, a mako na uku a sake. Duk ƙarin da kika yi ya mayar da lissafi farko. Bint el Sudan, wanda aka fara yi a 1920 kuma ake haɗa shi a Kano, mai ne marar alkol kuma yana da ƙarfi. Murfi ɗaya fiye da kima sai ya danne sandal ɗin da kika sha tsada a kansa. Ki bari ta cika kwana 40 kafin ki taɓa ta. In har lokacin kina ganin da saura, ki gwada gyaran a 'yar kwalba tukuna, ki ba shi mako, in ya yi sannan ki kai shi babba.

Ki rubuta ranar haɗi da abin da kika zuba a takarda ki manna jikin kwalbar. Ta amarya a haɗa ta wata uku kafin biki, a tace saura mako biyu. In kuma haɗaɗɗiya za ki saya, ki tambayi mai ita yaushe ta haɗa, ki roƙi ɗigo ɗaya a ƙyalle, ki dawo da kuɗinki gobe.