Yadda Ake Auna Himmar Kasuwanci a Sana'ar Gado

Tambayi kowane maigida a Babbar Kasuwar Sakkwato ko yana da himma a harkarsa, zai ce maka "Alhamdu lillahi," ka tashi ba ka ƙaru da komai ba. Akwai ma'aunin da ya fi wannan. A 1983 masani Danny Miller ya ce abu uku ke nuna himmar kamfani: fito da sabon abu, shiga kasada, da riga abokan gasa. A 1989 masana Covin da Slevin suka mayar da su tambayoyi 9, kowace da maki daga 1 zuwa 7. Ga yadda za ka gwada shi a gidanku, ko dukanci kuke yi, ko sarin albasa, ko hatsi.

Da farko rubuta tambayoyin, uku ga kowane ɓangare, kowace da baki biyu. Misali, 1 na nufin "muna tsayawa kan kayan da aka san mu da su," 7 kuma "kullum muna kawo sabbi." A taƙaita maganar ga shekara uku da suka wuce.

Na biyu, kada ka tsaya ga Alhaji shi kaɗai. Ba shi takardarsa, ka ba babban ɗa tasa, ka ba daɗaɗɗen yaron shago tasa, kowa ya cike a ɓoye. Ɗa ba zai musa wa uba a gabansa ba. In Alhaji ya ba kansa 6 a fito da sabon abu, ɗansa ya rubuta 2, wannan tazara ita ce babban abin da ka gano. Sau da yawa yaro ya kawo shawarar ɗinka jakar kwamfuta da fatar jar akuya a tallata ta WhatsApp, aka sallame shi da "mu haka munka iske iyayenmu na yi."

Na uku, kowane maki sai da hujja. Wanda ya ce yana riga kowa, tambaye shi: da aka rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, me ya yi a watan farko? Ya nemi masu saye a Kudu, ko ya zauna jiran a buɗe? Makin da ba a iya nuna aikinsa, a rage shi.

Na huɗu, fitar da matsakaicin makin kowane ɓangare daban, kada ka cuɗa su wuri ɗaya. Dalili shi ne kasada ba ta tafiya da sauran a sana'ar gado. Wani bincike na 2007 kan kamfanonin iyali a Suwidin ya nuna ba su kai sauran kamfanoni shiga kasada ba, kuma yawan kasadarsu na tare da raguwar sakamako. A shekarar kuma aka fitar da nazari kan masu matsar man zaitun 1,237 a kudancin Sifaniya, aka ga iyalai sun gwammace su riƙe masana'antarsu da hannunsu ko da hakan ya fi haɗari, da su shiga ƙungiyar haɗin gwiwa su rasa iko. Duk wanda ya ga an ƙi sayar da rumfar kaka don kawai sunan gida ya san wannan hali. Masana Lumpkin da Dess sun ƙara ɓangare biyu kan ukun Miller a 1996, zafin gasa da sakin mara ga na ƙasa. A ganina na biyun ya fi muhimmanci a wurinmu: shin ɗa zai iya sarin buhu hamsin ba tare da ya jira Alhaji ya dawo daga masallaci ba?

Na biyar shi ne mai wuya, auna sakamakon kansa. Duba ciniki, riba, uwar kuɗi, yawan yara, da bashin da ya maƙale a waje. Amma sai ka fara raba aljihun gida da akwatin shago: cefane, kuɗin makaranta, suna, biki, duk a rubuta su gefe, in ba haka ba shago mai riba zai yi kama da mai faɗuwa. Kuma ƙirga da kaya, kada ka dogara ga naira kawai. Da irin tsadar nan kuɗi na iya ninkawa alhali buhunan da ke sito sun ragu.

Daga nan ɗora makin himma kusa da sakamakon. Kada ka sa ran su dace tsaf. Wani nazari na 2009 da ya tattara bincike sama da 50 ya samu alaƙa ta kusan 0.24 tsakaninsu, a ma'aunin da 1 ke nufin dacewa tsaf, wato akwai ta amma matsakaiciya ce. Damina, hanya da tsaro duk suna da nasu rabo. Awon shekara ɗaya ba ya isa, don haka ajiye takardun, ka maimaita baɗi a lokaci irin wannan. Ranar ƙidayar zakka ta fi sauƙi, tunda dama an baje kaya ana lissafi.