Doguwar tafiya a kan babura da abokai: shiri, jeri da abin da ke ɓacewa a hanya

Ayarin babura ba da ƙarfin babban babur yake tafiya ba. Da ƙaramin tanki yake tafiya, da tayar da ta fi cinyewa, da mutumin da bai taɓa yin awa uku a jere a kan kujera ba. Duk lissafin da za ku yi, na nisa ko na mai ko na gudu, a kan waɗannan ukun za ku ɗora shi. Da yawa daga cikin tafiye-tafiyen da suka watse da rigima ko suka ƙare a asibiti, an tsara su ne da ma'aunin gwanin cikin ayari, aka bar sauran suna binsa da haki.

Ku fara da tanki. A ce ƙaramin babur ɗin cikinku yana cin lita 12, yana kuma yin kilomita 30 da lita ɗaya. A takarda kilomita 360 ke nan, amma kaya, iskar da ke bugun ƙirji, hawan tudu da murɗe totur na awanni duk suna ƙara shan mai, ga gidan man da taswira ta nuna amma aka tarar da shi a rufe. Ku ɗauki kashi biyu cikin uku, wato 240, ku mai da shi iyakar da ba a wucewa ba a sha mai ba. In an tsaya, kowa ya cika, har mai babban tankin da ke cewa nasa da saura. In ba haka ba, bayan rabin awa shi ne zai sake tsayar da ku.

Sai nisan yini. Manhajar taswira lissafin mota ɗaya take yi, wadda ba ta cire safar hannu, ba ta ɗaure kaya, ba ta jiran kowa. Mutum biyar in suka tsaya shan mai, da wuya su tashi ƙasa da minti ashirin. In aka haɗa tafiya da tsaye-tsaye, ayari yakan ci kilomita 50 zuwa 60 ne a awa, ko da allura tana nuna 90 a kan hanya. Ga babura masu injin 125 ko 150, kilomita 250 zuwa 300 a yini ya isa. Manya za su iya 400 ba wahala. Ku tsara isa masauki saura awa biyu rana ta faɗi, don awa biyun nan su ne kuɗin ajiyarku idan taya ta yi faci. Tuƙin dare a hanyar da ba ku sani ba, a gajiye, ba abin da za a sa cikin tsari ba ne tun daga gida.

Gyaran babur: mako biyu kafin tafiya, ba jajibiri ba

Dalilin tazarar shi ne bakanike ma mutum ne. Notin da bai ɗaure ba, ko wayar da ya danne da tanki, sai an yi tafiya suke bayyana. Bayan an gama gyara, a yi kilomita 100 zuwa 150 da babur ɗin ɗauke da kayan da zai tafi da su. Sabuwar taya ma tana buƙatar wannan nisan kafin santsin fuskarta ya goge.

A cikin ramukan zanen taya akwai 'yan tudu ƙanana. In fuskar tayar ta kusa daidaita da su, ba za ta kai ku ta dawo ba. A gefenta kuma akwai lamba huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar, musamman mai tsattsagewa a gefe, robarta ta bushe ko da zanenta na nan. Iska da geji ake auna ta, da safe, taya na sanyi, a bi adadin da ke littafin babur ko takardar da ke manne kusa da sarƙa. Akwai adadi daban na mai ɗauke da kaya ko goyo. Kada a rage iska don an auna da rana an ga ta hau, zafi ne ya ɗaga ta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasa fiye da ƙima, ta yi zafi, kuma ita ce ke fashewa a doguwar hanya.

Sarƙa ta fi kowane sashe shan wuya. A tura ta sama da ƙasa a tsakiyar layinta na ƙasa. Yawancin baburan kwalta suna son wasan milimita 20 zuwa 30. A juya wili a auna wurare da dama, domin sarƙa ba ta cinyewa daidai, kuma a wurin da ta fi ɗamewa ake saiti. Mutane sun fi tsoron sakakkiyar sarƙa, alhali ɗamammiya ta fi ɓarna: in babur ya dira a rami da kaya, sai ta finciki sandar giya ta kashe boris ɗinta. A ja sarƙar baya daga kan farantin haƙoran wili. In ta ɗago har ana ganin rabin haƙori, ko haƙoran sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a canza sarƙa da farantan biyu tare. Sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora ba ta daɗewa. A hanya a sa mata mai duk kilomita 500 ko bayan ruwan sama, da yamma tana da ɗumi, don ya ratsa kafin safe.

Baƙin mai a canza shi, a kuma nemi mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan, alamar da ke nuna ya dace da kulocin babur. Kulocin yawancin babura a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi zamewa: injin na kuka, babur ba ya ja. Ƙaramin inji da iska ke sanyayawa, wanda bai wuce cin lita guda ta baƙin mai ba, yana ƙone man in ya yini da gudu, saboda haka duba shi aikin kowace safiya ne. Takalmin birki in ya rage ƙasa da milimita 2 a sake shi. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Tsoho yakan tafasa a doguwar gangara, a matsa hannu a ji shi lagwaf. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Wata dabara mai araha: a ɗaure sabuwar wayar kuloci a jikin tsohuwar tun daga gida, in ta tsinke kawuna biyu kawai za a sauya.

Kaya da kayan aiki

Mai nauyi ƙasa, kuma kusa da tsakiyar babur. Nauyin da aka tula a bayan wilin baya yana sauƙaƙa gaba, kan babur ya riƙa rawa in an ƙara gudu, fitila kuma ta koma haska sama. Jakunkunan gefe su yi nauyi ɗaya. A ƙara taurin shakazoba na baya in yana da saiti. A ɗaure da igiya mai maƙalli wadda ba ta miƙewa, a naɗe jelarta, domin jelar da ta shiga sarƙa tana iya kulle wili. Abin da ya taɓa salansa zai narke. Bayan kilomita 20 na farko a tsaya a sake ɗamewa, kaya sukan zauna.

Ba sai kowa ya ɗauki komai ba. Famfo ɗaya, ƙarafan cire taya, geji, filaya, waya, salatif da akwatin taimakon gaggawa sun ishi ayari. Abin da ya keɓanta da babur kuwa, mai shi ne zai ɗauka: fulogi, fiyus, mahaɗin sarƙa daidai girmanta, sifanar notin wili, da tub in tayarsa mai tub ce, ko igiyar toshe huda in marar tub ce. Kafin tafiya kowa ya gwada cire wilinsa da sifanun da zai tafi da su, a nan ake gano wadda babu. Mai sa mahaɗin sarƙa ya tuna rufaffen kan maƙallin ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. Lasisi, takardun babur da inshora su shiga leda, hotonsu na cikin waya. Masu ƙetare iyaka su bincika tun da wuri ko ƙasar na neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ko takardar shigar da abin hawa na ɗan lokaci.

Jeri a kan hanya

Babura huɗu zuwa shida sun fi daɗin sarrafawa. In kun fi haka, ku rabu biyu, da tazarar 'yan mintoci. Na gaba ya zama wanda ya san hanya kuma yake da haƙuri, ba wanda ya fi gudu ba. Na ƙarshe ya zama ƙwararre, shi ke riƙe da kayan gyara, kuma ba ya wuce kowa. Sabon shiga yana bayan jagora kai tsaye. Mutane sukan tura shi baya don kada ya tare hanya, kuma wannan kuskure ne babba, saboda ayari kamar roba yake: in jagora ya fita daga kwana ya ƙara wuta, na biyu sai ya ɗan jinkirta kafin ya bi, na uku ya fi shi, har ya zama na ƙarshe sai ya yi 110 kafin ya kamo ayarin da ke tafiya a 90. Mafi ƙarancin gwaninta ke nan aka tilasta wa mafi yawan gudu. Maganinsa jagora ya riƙa ƙara wuta a hankali bayan kowace kwana, mahaɗa ko wuce mota.

A miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, jerin kaikaice ake yi: jagora a gefe ɗaya na layi, na biyu a ɗaya gefen da tazarar daƙiƙa ɗaya, na uku a sahun jagora da tazarar daƙiƙa biyu. A gudun kilomita 100, babur na cin kusan mita 28 a daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyun mita 56 ne, kuma ba su yi yawa ba. A kwana, gangara, yashi, ramuka ko ruwan sama, a koma layi ɗaya a buɗe tazara, kowa ya sami faɗin hannunsa na hanya duka. Kafaɗa da kafaɗa kuwa ba a yi sam, don ba wurin kaucewa.

Wuce mota ɗaya bayan ɗaya ne, kowa da idonsa. Na gabanka ya wuce ba ya nufin akwai wuri gare ka. Wanda ya wuce ya ci gaba da gudunsa ya bar gurbi a gaban motar, kada ya shiga ya rage wuta ya bar ɗan'uwansa a hannun da ba nasa ba. Kusa da tirela a riƙe kai da kyau, iskarta tana turawa sannan ta jawo.

Ƙa'idar da ke hana ɓata guda ce: kowa yana da alhakin wanda ke bayansa. In ka daina ganin fitilarsa a madubi, ka rage gudu. In ka iso mararraba, ka tsaya inda zai gan ka. Da haka saƙon ke kaiwa ga jagora ba tare da kowa ya yi tsere ba. Kowace safiya a faɗi wurin tsayawa na gaba, kowa ya san shi, a kuma yarda da alamun hannu kaɗan: rage gudu, rami a hanya, ina buƙatar mai, a tsaya. Huɗu da kowa ya riƙe sun fi goma da aka manta.

Jiki ma inji ne

Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin gwajin inganci na ECE ko DOT, a ɗaure igiyarta yadda yatsa biyu kawai ke shiga. Jaket, safar hannu, takalmin da ya rufe idon sawu. A tsananin zafi cire jaket ba ya taimako: in iska ta fi fatar jiki zafi, wato daga wajen digiri 35, dumama mutum take yi tana busar da gumi kafin ya yi amfani. A rufe jiki, a jiƙa rigar ciki, a sha ruwa a kowane tsayawa ba sai an ji ƙishi ba. Fitsari mai duhu da ciwon kai alama ce an makara. Ƙarar iska a cikin hula a gudun babbar hanya tana haura desibel 90 a ma'aunin ƙarfin sauti, tana gajiyarwa kuma tana cin ji a hankali; abin toshe kunne na soso yana rage ta ba tare da ya hana jin hon ba.

A sauka duk awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya fara mance sigina a kunne, ko yake buɗewa da yawa a kwana, ko ya kasa tuna kilomita biyar ɗin da ya wuce, barci ne ke zagayensa, kuma ba zai faɗa ba don kunya. Na bayansa ne zai gani ya tsayar da ayari. Bayan cin abincin rana abin ya fi tsanani.

In abu ya faru

Taya in ta sace ana cikin gudu, babur zai yi nauyi ko ya fara lilo. Kada a cafki birki. A riƙe kai a miƙe, a saki totur a hankali, in gudu ya ragu a taɓa birkin wilin da ke lafiya. Mintocin farko na ruwan sama sun fi santsi, lokacin da ruwa ya taso da man da ke kwance a kwalta; fentin hanya da ƙarfen gada ma a taka su babur na tsaye. A kwanar da aka shiga da gudu fiye da ƙima, ido ya koma mafita, don babur inda aka kalla yake zuwa. A doguwar gangara a sauko da giya inji ya riƙe, birki ya huta.

In wani ya faɗi, sauran su wuce su faka a wajen hanya, kada su taru a kansa a tsakiyar titi. Mutum ɗaya ya koma baya mita 100 yana tsayar da motoci, ɗaya ya kashe injin babur ɗin, ɗaya ya kira agaji. Kada a cire masa hula ko a ja shi, sai in ba ya numfashi ko wurin da yake kwance zai halaka shi. Raunin wuya ba ya nunawa a waje. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Wanda kansa ya bugu, ko ya miƙe yana cewa ba komai, ba zai sake tuƙi ranar ba sai likita ya gan shi. Saboda irin wannan lokacin ne kowa zai sa 'yar takarda a aljihun jaket, mai ɗauke da rukunin jininsa, magungunan da yake sha, abin da jikinsa ba ya karɓa da lambar wanda za a kira, sauran kuma su san aljihun da take.